Sau Uku Na Dawo da Safiyatu

"To in ba kai ba, wa za mu aika?" in ji Inna Gaji, tana naɗe goro a ganye. "Wan naka ne zai je? Da wane bakin? Shi da in ya fara magana sai ka ce an saki jaki a cikin tukwane."

"Inna, ina da karatu yau."

"Karatu ba ya yaji, matar gida ce ta yi yaji. Kai Allah ya ba harshe, duk garin Balan an shaida. Ranar suna a gidan Gwadabe da ka yi addu'a, har tsofaffi sai da suka share hawaye."

Nan ta kama ni. Ni Garzali, in ana so in tashi da sauri ba sai an yi mini tsawa ba, a yabi harshena kawai. Shekarata ashirin da biyu a lokacin. Na yi shekara huɗu ina karatu a Gaya, na dawo da gafaka cike da takardun da na kwafa da hannuna, kaina kuma cike da waƙoƙin Larabawan da suke tsayawa a kufai suna kuka don wata ta yi ƙaura. Ni ma na iya irin kukan nan sosai, sai dai har zuwa ranar babu budurwar da ta taɓa ce mini komai in ban da "Malam, matsa in wuce."

Wadda ta yi yajin ita ce Safiyatu, matar wana Barau, 'yar Malam Dalhatu na Ajingi. Yaya Barau manomi ne da damina, masaƙi da rani, ita kuma take kaɗa masa zare. Abin da ya faru kuwa, zare ne ya tsinke masa sau uku a masaƙa da hantsi ɗaya. A na ukun ya taso da ƙoshiyar saƙar a hannu ya shiga cikin gida. Washegari da asuba ɗakinta babu kowa.

Na ɗauki goro na hau jaki. Tun daga Balan har Ajingi ina gwada jawabina a kan jakin nan, yana kaɗa kunne, ni kuma na ɗauka yarda yake yi.

Malam Dalhatu ya karɓe ni a zaure. Dattijo ne mai sanyin magana. Safiyatu ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya kama sunanta, ba ya ma kallonta ido da ido, sai dai ya ce "yarinyar nan." Mahaifiyarta ta rasu, ƙanwar Malam, Gwaggo Hansai, ita ta raine ta. Na gaishe shi, na ajiye goro, na gyara murya. Na yi magana a kan haƙuri, na kawo labaran matan da suka jure, na kamanta aure da rijiya wadda sai an yi ta yasa ruwanta yake daɗi. Ni kaina da na ji kamancen ya fito sai da na so in tsaya in rubuta shi kada ya ɓace.

"Madalla da wannan yaro," in ji Malam Dalhatu. "A gaya wa yarinyar nan ta shirya."

Gwaggo Hansai ta leƙo ta ce, "Yaya, ka tambaye shi me aka yi mata mana?"

"An wuce wurin, Hansai."

A hanyar dawowa Safiyatu tana kan jaki ina ja. Tsakanina da ita akwai wasan nan na matar wa da ƙanin miji, kuma kullum ita ke cin galaba.

"Bakin zuma!" in ji ta. "Ina bayan zana ina jin ka. Wato ni ce rijiyar, wan naka ne mai yasa?"

"Misali ne, Yaya Safiya."

"Da kai aka ba ni, mijina ƙarami, da ban sha duka ba. Yunwa ce dai za ta kashe ni, safe baiti, rana baiti."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ga tana yawan kai hannu kunnenta na hagu, na tambaya, ta ce iska ce ke shiga. Na karɓi amsar da hannu biyu, don ta yi mini daidai.

Ɗakina da nasu bango ɗaya ne ya raba. Da safe in na buɗe takarduna sai in ji mazarinta yana juyawa a cikin tasa, tana 'yar waƙa a hanci. Can daga zaure sai in ji ƙoshiya tana kai da kawowa. Muddin ƙarar biyun nan suna tafiya, gida lafiya. Sai ka ji ƙoshiya ta tsaya. Sai takun Yaya Barau. Sai mazari ya faɗi. Abin da ke biyo baya ba zan siffanta shi ba, ba don na rasa kalmomi ba, ai ni ban taɓa rasa kalmomi ba.

A nan na gano wata hikima: in na ɗaga murya da karatu ba na jin komai. Wallahi a watannin nan na haddace abin da ban haddace ba a shekara huɗu a Gaya. Mutane suna wucewa ta bayan gida suna cewa, "Kai, yaron nan ya dage!" Maƙwabcinmu Gwadabe shi ma yana da tasa hikimar. Da zarar an fara, sai ya matso jikin danga ya yi ta tari, wai ko Yaya Barau zai ji kunya ya bari. Shi tari, ni karatu. Iyakar taimakon da mazan unguwarmu suka kawo ke nan.

Rannan na yi ƙarfin hali na ce wa Inna, "Abin nan fa ya yi yawa."

"Wane abu? Zafin rana ne. Mutum ya wuni a zaune ƙafa na aiki hannu na aiki, zare ya yi ta tsinkewa, ai dole ransa ya ɓaci. Haka ubanku yake, Allah ya ji ƙansa. Ga ni nan, na mutu?" Ta nuna mini haƙorinta na gaba da babu, kamar mai nuna kyautar da aka yi mata. "In ta haihu zai bari."

Shi kuwa Yaya Barau, shi ya tare ni da kansa, muna cin tuwo.

"Malam, kai ne mai littafi. Ba a ce miji ya ladabtar da matarsa ba?"

Na san wurin. Da hannuna na kwafi shafin a Gaya, har na yi masa ado da jar tawada. Na san an rubuta cewa dukan da ke raunata jiki ba ladabi ba ne, cuta ce, kuma in aka kawo shaida alƙali yana iya raba auren ko miji bai so ba. Duk wannan yana kan harshena. Na dubi damtsen Yaya Barau, na dubi akushin da shi ya noma dawar da ke ciki.

Na ce, "Ai Yaya, maganar tana da tsawo a wurin malamai."

"To ka ji," in ji shi, ya ci gaba da loma.

Don in wanke kaina sai na yi masa rubutun sanyin zuciya, allo bakwai, na wanke na ba shi. Ya shanye ya ce akwai ɗan ɗaci. Kwana uku bayan nan zare ya sake tsinkewa.

Biko na biyu bayan girbi aka yi shi. Ba zan tsawaita ba, don bai ba ni wahala ba. Malam Dalhatu ya ce yana son alkawari, ni kuma na rantse masa da Allah ba za a sake ba. Na yi rantsuwa a madadin mutumin da bai aiko ni da rantsuwa ba, goro kawai ya aiko ni da shi, goron ma Inna ce ta naɗe. A hanya Safiyatu ba ta ce mini bakin zuma ba. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce in dawo gefen damanta in ja jakin.

Daga nan wani sabon laifi ya fito mata: ba ta amsa kira. Inna za ta kira ta daga madafi sau biyu, sau uku, ita tana can ta duƙufa a kan auduga.

"Kun gani ko?" in ji Inna. "An je biko sau biyu, kai ya kumbura. Yanzu mu ne bayinta."

Yaya Barau ya daina jiran zare ya tsinke. Ya kira, ba a amsa ba, ya isa dalili. Waƙar da take yi a hanci ta tsaya. Ta rame, ta koma zama a inda bayanta zai jingina da bango, idonta a kan ƙofa. In mutum ya ɓullo mata ta gefe sai ta zabura kamar an taka ta.

Ni ma wata safiya na wuce ta bayanta na jefa mata wasa, na ce, "Matar masaƙi, zaninki a yage!" Ba ta juyo ba. Ku ji abin da na yi: na ji haushi. Ni ne aka yi wa laifi. Na koma ɗaki na zauna na tsara waƙa mai baiti arba'in a kan yadda zukatan mata ke juyawa, na rubuta kwanan wata a ƙasa, shekara ta dubu da ɗari biyu da tamanin da biyar ta hijira, don na baya su san ranar da aka ɓata wa Garzali rai.

Ana cikin haka na gan ta da jini ya bushe a wuyanta, ta gefen dama wannan karon. Inna ta narka man shanu ta ɗiga mata da gashin kaza, ta toshe da auduga.

"Ƙwaro ne ya shiga," in ji Inna, ba tare da kowa ya tambaye ta ba.

Washegari Safiyatu ta sake tafiya. Inna ta ce kada a bari ta kwana biyu maganar ta yi tsami, don haka rana ba ta karkata ba na isa Ajingi. Na tarar Gwaggo Hansai ba ta nan, ta tafi Kademi wajen 'yarta da ta haihu. Malam Dalhatu bai ko dubi goron ba.

"Garzali, ka rantse mini a nan wurin. Wannan karon yarinyar nan ba za ta koma ba."

Mai hankali da ya ji haka sai ya ji kunya ya tashi. Ni kuwa wani daɗi na ji, irin na ɗan kokawa da ya daɗe bai sami abokin karawa ba. Na roƙi arziki a kira ta, in yi magana a gabanta. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar zaure, ta lulluɓe kai da mayafi.

Ban taɓa magana irin ta ranar ba, kuma ina roƙon Allah kada in sake. Na sassauta murya kamar mai lallashin jariri. Na ce Yaya Barau tun da ta tafi bai sa komai a bakinsa ba, alhali na baro shi yana shan fura. Na ce masaƙarsa ta yi shiru kamar gidan makoki, na ce tsohuwarmu tana zaune tana kallon hanya. Na siffanta ɗakin da babu ita, da mazarinta a yashe, da audugar da ke jiran yatsunta. Ina cikin siffantawa sai abin ya taɓa ni, ni mai ƙirƙirarsa, hawaye suka zubo mini shar. Malam Dalhatu ya sa bakin rawani ya goge ido.

Ya juya fuskarsa wajen bango, ya ce, "Kin ji abin da ya faɗa. Kin yarda ki koma?"

Shiru.

A wurinmu in aka tambayi mace irin wannan a gaban mahaifinta ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba, an ɗauka ta yarda, kunya ce ta hana ta faɗa. Malam ya ce, "To, alhamdu lillahi." A lokacin ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, wani kallo mai taushi wanda ba ta taɓa yi mini ba. Na ce a raina, yau ko Safiyatu ta sallama mini. Malam ya ɗaga hannu ya nuna mata jaki. Ta dubi jakin, ta dube ni, ta daɗe a tsaye, sannan ta hau. A hanya na ga kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin mayafi, na ce oh, har yanzu maganata tana aiki.

Wata biyu ta yi. Dukan ƙarshen da idona na gan shi, ba ta bango na ji ba. Da la'asar ne, tana tsugune tana tankaɗe, ta ba ƙofa baya. Yaya Barau ya shigo ya ce ta kawo ruwa. Ya sake faɗa. A na uku bai faɗa ba, ya taka ya kai mata hannu a gefen kai, ta kife, goshinta ya haɗu da turmi. Gari ya watse a ƙasa. Ina tsaye taku biyar da su, da allo a hannuna. Na ce, "Subhanallahi!" Na fitar da kowane harafi daga inda ya kamata ya fito, malamina na Gaya da ya ji da ya yaba. Gwadabe ya yi tari a bayan danga.

Da gari ya waye ba ta nan. Wannan karon Inna ta haɗa da sabon zane, saƙar Yaya Barau, cikin kayan biko.

Na ce, "Inna, ni kam na gaji."

"Ka gaji? In ta zauna can, za a ce gidanmu ba ya riƙe mace. Kai da kake leƙen 'yan mata a bakin rijiya, wa zai ba ka 'yarsa? Tashi. In ka dawo ba ita, kada ka gaishe ni."

Na tashi. Kada ku zaci na tafi da wata niyya ta kirki. A kan jaki har na fara tsara sabon jawabi, wannan karon a kan gafara.

Gwaggo Hansai na tarar a ƙofar gida, kamar ni take jira.

"A'a, ga mai zuma! Sannu da hanya, Malam. Yau ba a zaure za ka yi wa'azin ba, shigo ciki."

Ta kai ni inuwar rumbu. Safiyatu tana zaune a tabarma ta ba mu baya, an ɗaure mata goshi da tsumma. Na yi sallama, ba ta amsa ba. Gwaggo ta ɗauki tasa da ludayi, ta je daidai kunnenta na hagu, ta buga kwarang! Kaji suka watse. Safiyatu ko gezau.

"Wannan ya tafi tun bikonka na biyu," in ji Gwaggo. "Zagayo ta dama, ka matso, ka buɗe murya. Wannan lallausar muryar taka ta 'yan aljanna ba ta da amfani a nan."

Na zagaya. Safiyatu ta gan ni, ta yi ɗan murmushi da gefen baki.

"Bakin zuma," in ji ta. Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da kima, irin ta wanda ba ya jin kansa. "An sake aiko ka?"

Na ɗaga kai alamar e.

"Ina so in tambaye ka wani abu, ya daɗe yana cina. Wancan zuwan naka, me ka ce wa Baba?"

Na matso na ce, "Ai kina wurin."

"Ina wurin. Na hagu ya mutu, na dama yana toshe da audugar Inna, yana ƙugi kamar ana niƙa a ciki. Bakinka kawai na ga yana motsi. Na ga kana nuna wajen Balan, na ga kana dafa ƙirji. Sai na ga kana kuka." Ta ci gaba da cewa, "Na ce a raina, Allah na gode, yau Garzali ya faɗa. Yana gaya wa Baba abin da yake ji ta bango. Na ga Baba ma yana goge ido, na ce shi ke nan, na huta. Na yi shiru ina jira ka gama. Har na dube ka, ka tuna? Godiya nake yi maka."

Na ji kunyar harshena. Karon farko ke nan a rayuwata.

"Sai na ga Baba ya nuna mini jaki."

Gwaggo Hansai ta ce, "Ni ina Kademi. Ubanta ba ya duban fuskarta balle kunnenta. Aka tambayi kurma, ta yi shiru, malamai biyu suka ce ta yarda."

"To me ka ce masa?" in ji Safiyatu. "Tun da har ya sa ka kuka, ai mai daɗi ne. Ina so in ji abin da aka sayar da ni da shi."

Na buɗe baki. Me zan ce? In maimaita mata mazarin da ke yashe da audugar da ke jiran yatsunta, da ihu, a kunnen da ya rage? Duk abin da na faɗa ranar, in aka ɗaga murya da shi sai ya koma abin da yake tun asali, ƙarya.

Ta ce, "Bar shi. In sabuwar magana ka zo da ita, zagaya ka faɗa wa wannan." Ta taɓa kunnen hagu. "Shi ya saba da mutanen gidanku. Wannan ɗayan kuwa rabi ya rage mini, Garzali. Ina so in riƙa jin kiran salla da shi. In Allah ya ba ni ɗa wata rana, in ji kukansa. In ka mayar da ni, kai ka san ba zai kai kaka ba."

Na zauna a wurin ina kallon ƙullin goro da sabon zane a cinyata. Kullum ina ce wa kaina ni ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Gaskiya ne. Yaya Barau yana da hannu, amma hannunsa ba ya kaiwa Ajingi. Sau uku ta kuɓuce masa da ƙafarta, ta yi doguwar tafiya cikin rana, ta isa inda ba zai iya taɓa ta ba. Sau uku aka nemi abin da zai miƙa ya kamo ta, aka samu, shi ne harshena. Inna tana da uzurinta, an yi mata ta jure. Gwadabe yana da tarinsa. Malam Dalhatu yana da kunyarsa. Ni kuwa na karanta, na san shafin, na yi masa ado da jar tawada. Na yi shekaru ina kuka don matan Larabawa da suka yi ƙaura tun kafin a haifi kakan kakana, ga mace bango ɗaya tsakaninmu ana kashe mata kunne ɗaya bayan ɗaya, ni ina ƙara murya.

Malam Dalhatu ya shigo yana jan sanda. Ya tsufa a wata biyun nan. Ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Garzali, ba zan ba ka ita ba. Amma igiyar auren tana hannun wan naka, ya kuwa aiko cewa ba zai saki ba ko za a shekara goma. Ka san yadda abin yake, yau a zo da goro, gobe a zo da dattawa, har a gaji a ba da. Na yi tambaya a Gaya. An ce alƙali zai raba in an tabbatar da cuta, amma sai da shaidun da suka ji ko suka gani. Mu a nan rauni kawai muka gani, za a ce faɗuwa ta yi. Wa zai fito daga Balan ya yi magana a kan Barau?"

Na tuna akushin tuwo. Na tuna Inna da ta ce kada in gaishe ta. Na tuna ɗakina, da takarduna a ciki, da damtsen Yaya Barau. Na sunkuyar da kai na ce a hankali, cikin muryar nan tawa mai taushi, "Ni zan yi."

"Me ya ce?" in ji Safiyatu, tana duban bakina.

"Ba ta ji ba," in ji Gwaggo Hansai. "Ni ma da kunnena biyu da ƙyar na ji. In irin wannan za ka yi a gaban alƙali, gara ka koma gida."

Na ajiye goro da zanen a ƙasa. Na durƙusa daidai kunnenta na dama, na cika ƙirjina da iska kamar yadda nake yi in ƙoshiya ta tsaya. Muryar ta fito a fashe, mummuna, babu zuma ko ɗigo, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga.

"Yaya Safiya! Ba biko na zo ba! Na ji, kuma na gani da idona! Gobe da safe zan tafi Gaya gaban alƙali in faɗi duka, tun daga zaren farko har turmi! Gwadabe ma zan jawo shi ko da ta wuyan riga, ya je ya yi tarinsa a can! Ba za ki koma gidan nan ba!"